Kalmar "free" ta tsaya mini a wuya: kyauta ce, 'yanci ne, ko fili?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema a kan kalma ɗaya tak ta Turanci, wato free. Wata biyu ke nan ina aikin sa kai, ina fassara wata ƙaramar manhajar lissafin shago zuwa Hausa, domin mahaifina da maƙwabtansa a kasuwa su riƙa amfani da ita ba sai sun kira yaro ya karanta musu ba. Duk inda na ci karo da kalmar nan sai in rubuta "kyauta", don abin da aka koya mana ke nan tun muna firamare. Shekaranjiya na saka manhajar a wayar Baba don gwaji. Ya gyara zaman tabarau, ya karanta inda na rubuta "Wurin ajiya na kyauta: 2 GB", sai ya ɗago kai ya ce, "To wanda ba na kyautar ba nawa ne kuɗinsa?" Nan take na gane na yi kuskure, domin free space ɗin can filin da ya rage a cikin waya ake nufi. Na mayar da shi "Filin da ya rage".

Matsalar da ta saura ita ce jimlar shafin farko, "This program is free software". Na rubuta "Wannan manhaja ta kyauta ce". Wanda ya rubuta manhajar ya tambaye ni ma'anar kalmar da na sa, da na gaya masa sai ya ce a'a, kada in sa kalmar da ke nufin ba a biyan kuɗi. To ai ba a biya ɗin. Me yake so in sa? Malamai da masana kwamfuta, a taimaka.

Mai Kod:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutumin yana da gaskiya, kuma ba kai kaɗai kalmar nan ta kayar ba, masu harshen da kansu sun fi shekara 40 suna fama da ita. Asalin zancen daga wani Ba'amurke ne mai suna Richard Stallman, wanda ya yi aiki a jami'ar MIT. Wajen 1980 aka kawo musu sabuwar na'urar buga takardu, takarda ta riƙa maƙalewa a ciki. Ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in hakan ta faru, kamar yadda ya yi wa tsohuwar na'urarsu, sai aka hana shi asalin rubutun manhajar, abin da muke kira kod. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya sanar da shirin GNU na gina manhajojin da ba a hana kowa kod ɗinsu, a 1985 ya kafa Free Software Foundation, a 1989 lasisin GPL, takardar izinin da ake sakin irin waɗannan manhajoji a ƙarƙashinta, ya fito.

Abin da suke nufi da free software shi ne manhajar da ta ba ka dama huɗu. Ka yi amfani da ita a duk abin da ka ga dama. Ka duba yadda aka gina ta, ka sauya abin da bai yi maka ba. Ka kwafa ka ba wani. Ka rarraba wadda ka gyara ɗin ma. Daga 0 zuwa 3 suke ƙirga su, saboda da farko uku ne, daga baya suka ga ya kamata a fito da damar amfani ƙarara, sai suka sa ta a gaba suka ba ta lamba 0. Ka lura babu maganar kuɗi a ciki ko kaɗan. Kana iya sayar da irin wannan manhaja. Kamfanin Red Hat a kan Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin wannan, ya gina kasuwancinsa, kuma IBM ta saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34.

Shi ya sa sukan ce a ɗauki free ɗin irin na free speech, 'yancin faɗar albarkacin baki, kada a ɗauke shi irin na free beer, abin shan da aka ba ka ba ka biya ba. Har ya zama salon magana a tsakanin masu rubuta manhaja: mutum ya ce abu free ne, sai a tambaye shi, as in speech ko as in beer?

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar wannan rikici bai same mu ba, saboda Faransanci ya raba kalmomin tun asali. Libre daban, gratuit daban. In an rubuta entrée gratuite a ƙofar wuri, shiga ba kuɗi ke nan. Manhajar da Mai Kod ya bayyana kuwa logiciel libre muke ce mata, ba wanda zai rikice. Turawan Ingilishi ma da suka gaji sai suka aro kalmar, shi ya sa kuke ganin LibreOffice, wadda ta fito a 2010. Ko sunayen birane ku duba: Freetown ta Saliyo da Libreville ta Gabon ma'anarsu ɗaya, garin waɗanda suka fita daga bauta, ba garin da ake raba kaya kyauta ba.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Taken Wikipedia da Turanci The Free Encyclopedia ne. Da Faransanci L'encyclopédie libre. Da Larabci ma kalmar hurra suka sa, daga hurriyya. Amma da Hausa "Insakulofidiya ta kyauta" na gani. Ba laifin kowa nake nema ba, masu aikin sun yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai ramin da Ɗan Fagge ya faɗa ne aka faɗa. Alhali Hausa tana da kalmomin a rarrabe kamar Faransanci: kyauta ga ta nan, 'yanci ga shi nan, wanda mu a nan muka fi ce wa ɗiyauci.

Mai Gyaran Waya:
Ku yi mini haƙuri, ni ban yarda ba. Shekarata 11 a rumfar gyaran waya, kullum ina saka wa mutane manhajoji, ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya zo ya ce mini a ba shi wadda zai duba yadda aka gina ta ba. Tambayar ɗaya ce: ana biya ko ba a biya? Tana cin data ko ba ta ci? Baban Ɗan Fagge ɗan kasuwa ne, in ya ga "'yanci" a shafin farko na manhajar lissafi zai ɗauka ta 'yan siyasa ce. 'Yanci kalma ce babba, ta ƙasa ce, ta 1960 ce, ta fursunan da aka saka ce. A ɗora ta a kan manhajar rubuta bashin sukari da taliya, ni dai ya yi mini nauyi. Ka bar "kyauta" ɗinka, ɗan'uwa, mutane su gane.

Maman Hanifa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san kod ba, amma bari in nuna muku inda kalmar nan take iya cutar da mutum. In ta zo a bayan kalma, ma'anarta "babu". Sugar-free, babu sukari. Polio-free, babu cutar shan inna, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana nahiyar Afirka a ranar 25 ga Agusta 2020 game da ƙwayar cutar ta asali, bayan Najeriya ta kasance ƙasa ta ƙarshe da ta rage. Amma in ta zo a gaba, free sugars, magana ta juya gaba ɗaya. Wannan shi ne sukarin da aka ƙara wa abinci da hannu, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka matse, wato wanda ba ya ɗaure a cikin ƙwayar ɗan itacen. Shi ne hukumar ta ce a 2015 kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana.

Wata baiwar Allah mai ciwon sukari ta taɓa kawo mini takardar da ɗanta ya bugo mata daga intanet, ya ja layi a ƙarƙashin inda aka jera zuma da lemon kwali a cikin free sugars, ya gaya mata waɗannan su ne marasa sukari, ta sha abinta. Sati biyu ta yi tana zuba zuma cokali uku a kunu. Da muka auna ta ranar, sai da na zaunar da ita na kira likita. Kalmomi biyu ne iri ɗaya, an sauya musu wuri kawai. Don haka Ɗan Fagge, ƙanena, kada ka ga kamar ɓata lokaci kake da ka tsaya a kan kalma ɗaya.

Malamin Turanci:
Madalla da wannan tambaya. Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, kuma ina cikin waɗanda suka riƙa rubuta wa yara free daidai da kyauta a allo, don haka gyaran nan da ni a ciki.

Ma'anar kyauta ba ita ce ta asali ba, daga baya ta shigo. A tsohon Turanci freo ake cewa, kuma ma'anarta mutumin da ba bawa ba. Tushenta ɗaya da friend, aboki. A Jamusanci ma haka ne, frei da Freund. Masana sun bi sawun kalmar har zuwa wani tsohon tushe mai nufin ƙauna, wanda ya bar priya, abin ƙauna, a harshen Sanskrit na Indiya. Bayanin da suke yi shi ne, a gidan mutanen da can akwai iyali waɗanda ake ƙauna a matsayin jini ɗaya, akwai kuma bayi, sai kalmar "namu, abin ƙaunarmu" ta zama sunan wanda ba bawa ba.

Yanzu ku dubi Hausa. Me muke ce wa wanda ba bawa ba? Ɗa. Ɗa ne, ba bawa ba. Mace kuma 'ya. Daga nan 'yanci ya fito, daga ɗiya kuma ɗiyaucin da Ɗan Maraɗi ya ambata. A Latin ma liber shi ne mai 'yanci, liberi kuma 'ya'yan gida. Harsuna uku da ba su yi shawara da juna ba, duk suka haɗa kalmar 'yanci da matsayin ɗan gida. Ɗan gida shi ne wanda zai buɗe kowane ɗaki, ya gyara ƙofar da ta karye ba tare da neman izini ba. Baƙo ko an ba shi masauki kyauta, ba zai fasa bango ya fitar da taga ba. Ina ganin wannan shi ne bambancin da Mai Kod yake bayani.

Sauran ma'anonin duk daga "ba a ɗaure ba" suka yi rassa. Kujerar da ba kowa a kai, lokacin da ba aiki a ciki, hannun da bai riƙe komai ba, daga ƙarshe kayan da ba a ɗaura musu farashi ba. Mu kuwa kowanne da kalmarsa. Are you free, kana da sukuni? Feel free, saki jikinka. Free kick, bugun tazara. He was set free, an sake shi.

Baban Sadik:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu direbobi ma muna da tamu, har ta zama Hausa: firi. A saka mota a firi, wato a cire ta daga giya, inji yana juyawa amma bai riƙe taya ba. Ka ga "ba a ɗaure ba" ɗin da Malam ya faɗa. Kuma tun da magana ta zo, ina roƙon matasan direbobi su daina sakin mota a firi a gangare don tsimin mai, musamman da lodi. Injin ne ke taimaka wa birki riƙe mota, in ka cire shi birki kaɗai ya rage, ya yi zafi ya ƙi kamawa. Na ga abin da ya biyo bayan haka da idona a hanyar Jos.

Mai Kod:
Baban Sadik, Allah ya tsare. Bari in ƙara wata free ɗin da ba wanda ya sani sai mai rubuta manhaja, kuma ita ce ta fi kowacce ba mu wahala.

A harshen rubuta manhaja mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, in manhaja tana buƙatar wurin ajiye bayani na ɗan lokaci a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, sai ta nema da umarnin malloc. Kwamfuta ta ba ta wuri, ta ba ta adireshinsa. In ta gama, wajibi ne ta mayar da wurin da umarnin free. Ku ɗauka gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Malloc karɓar mabuɗi ne, free mayar da shi ne. In manhaja tana karɓar ɗakuna ba ta mayarwa, a hankali gidan zai cika, waya ta fara nauyi har ta tsaya. Wannan shi ne memory leak. In ta mayar da ɗaki ɗaya sau biyu, double free ke nan, littafin mai gida ya rikice. Mafi muni shi ne use-after-free: ka mayar da mabuɗi amma ka riƙe kwafinsa, an saka sabon ɗan haya, kai kuma ka dawo da dare ka buɗe ka zuba kayanka a kan nasa.

Na taɓa kwana uku a kan irin wannan. Wata 'yar na'ura ce mai karanta awon ruwa a tanki tana tura saƙo. Sai ta yi awa shida tana aiki lafiya, sannan ta turo lambar da ba ta da kan gado, wani lokacin ta mutu gaba ɗaya. Na canza waya, na canza batir, na zargi zafin rana. A dare na uku, ina bin kod ɗin layi-layi da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, na ga inda na saki wurin ajiyar saƙon a layi na sama, sannan layi huɗu a ƙasa na sake karanta shi. Galibin lokuta ba a riga an ba wani wurin ba, sai komai ya tafi daidai. Ranar da aka ba wani, sai ɓarna. Layi ɗaya na matsar ƙasa, shi ke nan.

Kada ku ɗauka matsalar ƙananan ma'aikata irina ce. Masu gina Chrome sun bayyana a 2020 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na manyan ramukan tsaron da suke samu daga kuskuren sarrafa wurin ajiya ne, kuma rabin waɗannan use-after-free ne. Ta irin wannan ƙofa masu kutse ke shiga. Shi ya sa harsuna irin su Java da Python suke share wurin da kansu, shi ya sa kuma ake ta komawa harshen Rust, wanda ke ƙin karɓar kod ɗinka tun farko in ya ga za ka taɓa abin da ka riga ka saki.

Ɗalibar Kwamfuta:
Yaya Mai Kod, tambaya. Na saka Linux a kwamfutata, da na buga umarnin free -h sai na ga ƙarƙashin free ɗan kaɗan ne ya rage, alhali ban buɗe komai ba sai burauza. RAM ɗina 8 GB ne. Ta lalace ne?

Mai Kod:
Lafiyarta ƙalau, ƙanwata. Dubi jerin ƙarshe ta hannun dama, wanda aka rubuta available a samansa, shi ne naki. Free a wurin nan yana nufin wurin da ba a saka komai a ciki ba sam. Linux ba ya son barin wuri a banza, sai ya ajiye fayilolin da kika buɗe kwanan nan a ciki don su yi saurin buɗuwa, amma da zarar wata manhaja ta nemi wurin zai kwashe ya ba ta. Ga ki nan da free biyu a allo ɗaya, wanda ba kowa a ciki da wanda za a iya ba ki.

Akwai kuma wadda za ki riƙa ji a wurin aiki, "you get it for free". Ba kuɗi ake nufi ba. Ana nufin in kin bi wata hanya, wani amfanin zai biyo ba tare da kin rubuta ƙarin kod ba, kamar wanda ya sayi rago ya samu fata. Wata kuma "free as in puppy", wato kamar a ba ki kyautar ɗan kwikwiyo. Mu da doki za mu kwatanta: an ba ki doki ba ki biya ko sisi ba, amma ciyawa da dawa da mai kula da shi duk a wuyanki. Haka ake ce wa manhajar da saukar da ita ba kuɗi amma riƙe ta aiki ne ja.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ni kam wadda ta cuce ni free trial ce. Wata manhajar gyaran hoto na sauke don hotunan atamfa da leshi da nake sakawa a WhatsApp. Aka ce kwana bakwai free, amma sai na saka lambar katin ATM. Na saka, na yi amfani da ita sau biyu na manta. Ranar ta takwas ina tsakiyar ciniki alat ya shigo, an cire kuɗin shekara guda cur. Na kira yarona ya duba, ya ce ai an rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗan Fagge, in akwai irin wannan a taka manhajar, don Allah kada ka rubuta "kyauta" ka yi shiru. Rubuta "Gwaji na kwana kaza, daga nan za a fara cire kuɗi", da manyan baƙaƙe. Kuma a rumfarmu free size riga ce da za ta shiga kowa, a ƙara wannan a lissafi.

Ɗan Maraɗi:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ina so in koma kan Mai Gyaran Waya, don maganarsa tana da nauyi, kuma gaskiya ne mutane ba sa tambaya. Amma rashin tambaya ba ya nufin abin bai shafe su ba. Shekara nawa muka yi muna rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, "daki" muna nufin ɗaki, saboda allon rubutun waya ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ? Haruffan suna cikin Unicode, jerin haruffan da kwamfutocin duniya suka sani, tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne wani ya saka su a allo da salon haruffa. In manhajar a rufe take, sai dai mu zauna jiran ranar da wani kamfani a wata nahiya zai tuna da mu. In a buɗe take, yaro ɗaya a Zinder ko Zariya ya isa ya gyara ya raba wa kowa. Shi kansa Ɗan Fagge, me ya ba shi damar fassara manhajar nan har ta shiga wayar babansa? Ba rashin farashi ba ne. WhatsApp ma ba a biya, amma je ka ce za ka sauya kalma ɗaya a cikinta.

Kuma ku tuna Free Basics na Facebook, wanda ya shigo Najeriya a 2016. Ana shiga ba data, amma shafukan da aka zaɓa maka kaɗai za ka gani. A shekarar nan hukumar sadarwa ta Indiya ta hana irin wannan tsari a ƙasarta. Kyauta ce ta gaske, amma a cikin shinge.

Mai Gyaran Waya:
Maganar haruffa ta shige ni, ba zan musa ba, don ni ma sunan garinmu da ƙ yake farawa kuma na gaji da ganin an rubuta shi ba daidai ba. Amma har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya: 'yancin nan na masu iya kod ne. Ni da Baban Ɗan Fagge ko an buɗe mana kod ɗin, kallonsa kawai za mu yi.

Mai Kod:
Kai da kanka ka amsa, Malam. Mutum nawa ne cikin masu kawo maka waya suka iya riƙe abin narka dalma? Amma saboda ana iya buɗe wayar, suna da zaɓin kawo maka, ko su kai wa na kusa da kai in ka tsawwala. Da a ce kamfani ya rufe ta yadda shi kaɗai ke iya buɗewa, da kai ba ka da sana'a, su kuma ba su da zaɓi. Ba sai kowa ya iya gyara ba, ya isa a ce ba a hana wanda ya iya. Af, damuwarka ta cewa kalmar tana da nauyi wasu Turawan ma sun yi ta, shi ya sa a 1998 suka fito da sunan open source, wato buɗaɗɗen kod, don 'yan kasuwa su saki jiki. Stallman har yau bai yarda da wannan suna ba, yana ganin an ɓoye ainihin maganar.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na zo nema. To yanzu wanne zan sa? "'Yantacciyar manhaja" ko "manhaja mai 'yanci"?

Malamin Turanci:
Kada ka sa ta farko, ɗana. 'Yantacce shi ne wanda ya taɓa zama bawa sannan aka 'yanta shi. Manhajar da aka haife ta a buɗe ba a 'yanta ta ba. Ta biyun ma tana da ɗan gyara, domin kamar manhajar ce ke da 'yancin, alhali mai amfani da ita ne ke da shi.

Mai Kod:
Malam ya yi daidai, ko da yake akwai waɗanda sunan 'yantacciya ya dace da su sosai. Blender, manhajar zanen hotuna masu motsi, ta kamfani ce a rufe. Da kamfanin ya durƙushe, sai wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal, ya buɗe asusu a 2002, masu amfani da ita suka tara Yuro dubu 100 cikin mako bakwai, aka biya masu hannun jari, aka saki kod ɗin a ƙarƙashin GPL. Fansa ce sak, kuɗi aka biya aka karɓo ta. Netscape ma a 1998 ta saki nata kod ɗin, daga nan Mozilla ta samo asali har aka kai ga Firefox. Amma ta Ɗan Fagge ba ta bi ta nan ba. Ni da zan zaɓa, "manhaja mai ba da 'yanci" zan ce.

Maman Hanifa:
Ni a ganina kada a tsaya neman kalma ɗaya. Mu a asibiti in kalma za ta rikita majinyaci, jimla muke yi masa. Shafin farko ai akwai fili.

Ɗan Fagge:
Shawarar Anti na bi, na haɗa da ta Yaya Mai Kod. Ga abin da na rubuta: "Wannan manhaja ce mai ba ka 'yanci: kana iya amfani da ita, ka kwafa wa wani, ka gyara ta ko ka sa a gyara maka, ba sai ka nemi izinin kowa ba." Na tura wa mai manhajar tare da bayanin ma'anarta, ya amince. Da magariba na kai wa Baba. Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya ce, "Wato in na ce a ƙara mini wurin rubuta sunan wanda ya tsaya wa mai karɓar bashi, ana iya ƙarawa?" Na ce ana iyawa. Ya ce to a ƙara, don a littafinsa na takarda wannan layin ya fi kowanne muhimmanci. Yaya Mai Kod, da Python aka rubuta ta, ni kuma ban wuce fassara ba. Za ka duba mana?

Mai Kod:
Turo mini adireshin inda kod ɗin yake, zan duba ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ka tambayi Baba ko lambar wayar mai tsayawar ma yana so a saka.

Mai Gyaran Waya:
In kun gama ku turo mini ita. Akwai masu shaguna huɗu a layinmu da ke kawo mini waya, zan saka musu mu ga ko za su gane jimlar nan taku ba tare da na yi musu bayani ba. Abin da suka ce zan dawo in faɗa muku a nan.